Manomi Ba Ya Cin Irinsa: Batun Dabbobin Gida A Jihar Jigawa

Tun daga watan Yuli na shekarar 2024, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwon dabbobi, maganar inganta iri ta zama ruwan dare a bakin manyan ma'aikata da 'yan siyasa. Duk inda aka taru a kan batun kiwo, abin da ake ji shi ne wai saniyar ƙasar nan ba ta da nono, akuyarta ƙanƙanuwa ce, kazarta kuma ba ta ƙwai, saboda haka sai a kawo na ƙasashen waje a haɗa su da na gida. Hujjar da ake kafawa ba ƙarama ba ce, gama jami'an gwamnati sun sha faɗin cewa Nijeriya tana kashe kimanin dala miliyan 1,500 a kowace shekara wajen sayo madara da dangoginta daga waje.

Babu mai hankalin da zai ƙi a sami ƙarin nono da nama. Amma akwai wata tambaya da ba a cika yi ba, wadda kuwa ta shafi Jihar Jigawa ƙwarai, watau idan aka yi ta haɗi shekara da shekaru ba tare da lissafi ba, me zai rage na asali? Kowane manomi a Kudai ko Sakwaya ya san cewa komai tsananin bazara, komai kukan yara, ba a taɓa damin da aka keɓe domin iri, gama wanda ya ci irinsa ya ci damina mai zuwa. To, dabbar gida ita ma iri ce, kuma a halin da ake ciki ana cin wannan iri kaɗan-kaɗan, a kasuwa da cikin garke, ba tare da an lura ba.

Abin Da Ke Hannu

Wanda ya shiga karar Maigatari ran Alhamis, ko ta Gujungu, ko ta Shuwarin da ke kusa da Dutse, zai ga dukiyar da ake magana a kanta da idonsa. Ga Bunaji, farar saniyar Fulani mai baƙin kunne da baƙin hanci, wadda ita aka fi gani a ƙasar Dutse da Birnin Kudu da Gwaram. Ga Rahaji, ja mai dogon ƙaho da dogayen ƙafafu, wadda Fulanin tashi suka fi so domin ba ta gajiya da tafiya. Ga Bokoloji ta ƙasar Sakkwato, mai gajeren ƙaho da cikar jiki, abar son masu kiwon turke. Ga kuma Azawak da ke gangarowa daga Jamhuriyar Nijar, wadda a cikin shanun Sahel da wuya a sami wadda ta kai ta nono. A ƙidayar dabbobi da aka yi a ƙasa baki ɗaya cikin 1990, an sami shanu kusan miliyan 14, da awaki miliyan 34 da rabi, da tumaki miliyan 22. A cikin shanun nan Bunaji ta ɗauki kimanin kashi 37 cikin ɗari, Rahaji kuwa kashi 22.

Haka abin yake a wajen ƙananan dabbobi. Akwai tunkiya 'yar ƙasa, fara mai ɗigon baƙi a ido da kunne, wadda ke rayuwa a kowane ƙauye ba tare da wata hidima ba. Akwai Uda, mai rabin gaba baƙi ko ja da rabin baya fari, akwai Balami, fari tas mai girman jiki da lanƙwasasshen hanci, wanda shi ne ke jan kuɗi a kasuwar Layya. A cikin awaki akwai jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita tun zamanin da, har Turawa suka ɗauka fatar ƙasar Maroko ce domin daga can take isa gare su. Jakuna ma suna da nasu kashi, auraki da duna da fari da idabari. A cikin garin Dutse kansa, daga Takur zuwa Garu da Limawa, da wuya a ratsa layi ba a ji kukan akuya ko rago a turke ba, domin akuya ita ce asusun matan aure, ita ake sayarwa ran da ciwo ya tashi ko kuɗin makaranta ya zo.

Waɗannan dabbobi sun sha tankaɗe da rairaya kafin su kai ga siffofin da ake gani yau. Annobar bushiya da ta iso ƙasashen nan wajajen 1890 ta kashe mafi yawan shanun Fulani, daga ɗan abin da ya saura aka sake gina garkuna. Ta sake ɓarkewa a 1983, sai a 2011 aka tabbatar da an kawar da ita daga duniya. Farin 1973 da na 1984 su ma sun yi tasu ɓarnar. Bayan wannan kuma ga jarrabawar da ake yi kowace shekara, watau rani mai tsawo, da ƙarancin ciyawa, da kaska, da tafiya mai nisa zuwa mashaya. Dabbar da ta kasa ɗaukar wannan ta mutu tun tuni ba ta bar baya ba, wadda ta ɗauka ita ce ta haifi waɗanda ke cikin garke yanzu.

A Dutse zafin watan Afrilu da na Mayu yakan haura digiri 40. Saniyar Firisiyan ta ƙasar Holan, wadda ake kwaɗayin nononta, da zarar zafi ya wuce digiri 25 sai ta fara takura, ta rage ci, nono ya ja baya, ɗaukar ciki ya yi mata wuya. Bunaji kuwa tana da gajeren gashi mai sheƙi da fata mai fitar da gumi sosai, tana ramewa da rani a kan kara da harawa da 'ya'yan gawo, ruwa na sauka ta mai da jikinta cikin 'yan makonni. Gaskiya ne a hannun makiyayi ba a cika tatsar fiye da lita ɗaya ko biyu a jikinta a rana ba, alhali Firisiyan a Amurka tana ba da fiye da lita 10,000 a shekara. Amma wanda ya auna saniyar Jigawa da nono kaɗai ya yi awo da rabin mudu. Ita ce ke haifar shanun huɗa da ke jan garma a gonakin gero da riɗi da gyaɗa, su ja amalanke zuwa kasuwa, ita ce ke ba da takin da ke riƙe da jigawa, sa'an nan tana yin duk wannan ba tare da fanka ko abincin kamfani ba.

Abin da masana ke kira bambancin ƙwayoyin gado ba wani baƙon abu ba ne ga manomi. Dalilin da ya sa yake haɗa gero da dawa da wake a gona guda shi ne bai san yadda damina za ta kasance ba, in ruwa ya ɗauke da wuri gero ya fisshe shi, in ya daɗe dawa ta yi. Haka nan yawan jinsunan dabbobi, da bambancin da ke tsakanin dabbobin jinsi guda, su ne garkuwar jama'a ran da sabuwar cuta ta zo ko yanayi ya juya.

Yadda Ake Cin Irin

Hanya ta farko, wadda ta fi kowace ɓoyuwa, ita ce yadda kasuwa ke tsince mafi kyau ta bar na baya. Makiyayi in buƙata ta taso masa, bijimin da ya fi girma shi zai fitar domin shi ne mai kuɗi, tirela ta ɗauke shi zuwa Legas ko Fatakwal, can wuƙa ke jiransa. Mai kiwon turke in ya je Shuwarin, ɗan ragon da ya fi tsawo da faɗin ƙirji shi zai saya tun yana ɗan watanni, ya ɗaure shi a kan dusa da harawa har Babbar Salla, ragon nan bai taɓa barbarar tunkiya ko ɗaya ba. Wanda ke yawo sake a unguwa shi ne ƙanƙanen bunsurun da dillali ya raina, shi ne zai barbari awakin unguwa duka, har da uwarsa da 'yan uwansa. In aka yi haka zuriya goma, dole jiki ya ƙanƙance, haihuwa ta ragu, 'ya'ya su riƙa mutuwa, sa'an nan a juyo a ce ai dabbar gida ce ba ta da kyau. Ba a ce kada a yi Layya da rago mai kyau ba, addini ma shi ya kwaɗaitar da haka. Abin da ake nema shi ne ragon ya bar baya kafin ya tafi. A kan wannan kuma sai a ƙara yankan dabbobi masu ciki a mahauta, asarar da likitocin dabbobi suka daɗe suna kuka da ita.

Hanya ta biyu ita ce barbarar yanyawa. A nan ya kamata a fahimci wani abu da masu tallar irin waje ba su cika bayyanawa ba. Idan aka haɗa bijimin Firisiyan da Bunaji tsantsa, 'yar da za a haifa, wadda take rabi da rabi, takan fi uwarta nono nesa ba kusa ba, kuma takan ɗauki wani abu na juriyar uwar. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya, wadda ta fara a matsayin gonar kiwo a 1928 ta zama cibiyar ƙasa a 1976, ta daɗe da nuna haka a garkenta. Amma wannan albarka ta haɗin farko ce. Abin da aka gani a ƙasashe masu zafi da dama shi ne idan aka bar 'yan rabi da rabi suna barbarar junansu, jikoki sukan ja baya, wannan ya ɗauko nan wancan ya ɗauko can. In kuwa aka ci gaba da ƙara jinin Turai, sai a wayi gari da saniyar da ba ta rayuwa sai da inuwa da ruwa mai yawa da likita a kusa. Ma'anar wannan ita ce mai son 'yar rabi da rabi ta ƙwarai kullum yana bukatar uwa Bunaji tsantsa. Wanda ya narkar da Bunaji a cikin haɗi ya sare reshen da yake zaune a kai.

Wannan matsala ba ta tsaya ga shanu ba. Ragunan Sudan da bunsuran Afirka ta Kudu sun shigo hannun masu hali, ana haɗa su da na gida ba tare da kowa ya rubuta abin da ya fito ba. Kajin Noiler sun bazu a gidaje domin saurin girmansu, kuma sun taimaki mata da yawa. Sai dai irin waɗannan kaji ba su cika kwanci ba, alhali kazar gida ita ke kwanta wa ƙwanta ta ƙyanƙyashe, ta yi renon tsakinta, har ƙwan zabi ita ake sa wa. Ran da halin kwanci ya ɓace daga kajin ƙauye, matar da a da take samun tsaki kyauta za ta koma saye daga kamfani a kowane zagaye.

Hanya ta uku ita ce ƙuncin wurin kiwo. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa tun 1965 aka yi ta, amma gonaki da gine-gine sun ci burtali da mashaya a wurare da yawa. Saniya irin Rahaji an gina ta ne domin tafiya da fili, in fili ya ƙare mai ita ko dai ya bar ƙasar da ita ko ya sauya ta da wani jinsi. Abin da ya sami Kuri ta Tafkin Chadi ya isa ishara. Saniya ce marar tozo mai kumburarren ƙaho, mai iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, mai nono, wadda babu irinta a ko'ina cikin duniya. Da tafkin ya janye bayan shekarun 1960, sai aka riƙa haɗa ta da shanun tudu, yau samun Kuri tsantsa ya zama aiki. Jaki kuwa wata masifa ce dabam ta same shi, watau cinikin fatarsa zuwa ƙasar Sin inda ake haɗa magani da ita. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, shugabannin Tarayyar Afirka kuma suka amince da hana yanka jaki domin fata a taronsu na Addis Ababa cikin Fabrairu 2024. Jaka takan yi kusan shekara guda da ciki ta haifi ɗa ɗaya, saboda haka babu yadda haihuwa za ta cim ma wuƙa.

Abin Da Ya Sami Wasu

Ba Nijeriya kaɗai ke cikin wannan hali ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a 2007 cewa a cikin jinsunan dabbobin gida fiye da 7,600 da aka sani, kashi 20 cikin ɗari suna cikin haɗari, kuma 62 sun ɓace cikin shekaru shida, watau kusan ɗaya a kowane wata. A watan Satumba na wannan shekara ƙasashe 109 suka taru a Interlaken ta ƙasar Suwizalan suka amince da shirin kare su. Rahoto na biyu da ya fito a 2015 ya nuna kusan jinsuna 100 sun shuɗe tsakanin 2000 da 2014.

A Yuganda manoma sun yi rububin haɗa shanunsu na Ankole, masu manyan ƙahoni, da Firisiyan, har masana suka yi gargaɗi a 2007 cewa jinsin na iya ɓacewa. Da fari ya zo, masu Ankole suka kora dabbobinsu zuwa ruwa mai nisa, waɗanda suka koma ga irin waje suka yi asara. A Kenya an narkar da jar tunkiyar Masai a cikin Dofa ta Afirka ta Kudu tun daga shekarun 1970, daga baya bincike ya nuna tunkiyar nan tana da juriyar tsutsar ciki wadda Dofa ba ta da ita, sai aka koma ana neman tsantsarta ido rufe. Ita kanta Firisiyan ba ta tsira ba. Masu bincike a Amurka sun gano cewa kusan dukan bijiman wannan jinsi da ake amfani da su a can, ta wajen uba suna komawa ne ga bijimai biyu da aka haifa a shekarun 1960, kuma an taɓa baza cututtukan gado a duniya ta hanyar maniyyin bijimi guda da aka yi rububinsa.

Darasin da ya fi dacewa da Jigawa kuwa daga Barazil yake. Shanun Gir masu tozo daga Indiya aka kai su can, dangin Bunaji ne na nesa. Mutanen Barazil ba su raina su ba. A 1985 suka kafa shirin auna nonon 'ya'yan kowane bijimi, suna rubutawa, suna riƙe wanda 'ya'yansa suka fi, suna fitar da saura. Da Gir ta gyaru, haɗinta da Firisiyan, wanda suke kira Girolando, ya zama shi ne ke ba da mafi yawan madarar ƙasar. A 2024 Indiya da kanta ta koma tana sayen maniyyin Gir daga Barazil, kuma irin nan na Girolando yana cikin abin da ake kwaɗayin kawowa Nijeriya yau. Abin da ake shirin saye da dala, ashe, saniya ce mai tozo wadda aka yi wa hidimar alƙalami da littafi na shekara arba'in.

Maƙwabta ma sun riga sun yi nisa. Jamhuriyar Nijar tana zaɓen Azawak a tashar Tukunus tun shekarun 1950, ta kuma kafa cibiyar jar akuya a Maraɗi a 1963, inda ake fitar da bunsuran ƙwarai ana rarraba wa ƙauyuka. A Habasha, tun daga 2009, an gwada wata dabara mai sauƙi a kan tumakin Bonga da Horro da Menz. Mutanen ƙauye su ne ke kafa ƙungiya, a sa wa 'yan tumaki lamba a kunne, a auna nauyinsu, a zaɓi 'yan ragunan da suka fi, ƙungiya ta saye su daga masu su kafin dillali ya zo, su yi barbara, sa'an nan a yi musayarsu da na wata unguwa, sauran kuwa a dandaƙe su a yi kiwon turke. Babu jirgin sama a cikin wannan aiki, sikeli ne da littafi da amana.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ƙasar da ta zama Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991 ta taɓa yin irin wannan aiki. A zamanin Jihar Arewa da tsohuwar Jihar Kano akwai gonar binciken kiwo a Birnin Kudu inda ake riƙe da garken Bunaji, da wata a Gumel inda ake riƙe da Azawak da Rahaji, ana rubuta haihuwarsu da nauyinsu da nononsu, har cibiyar bincike ta Samaru ta buga sakamakon na Birnin Kudu a 1968. Ashe ba sabon abu ake nema ba, tsohon aiki ne ake so a ɗora daga inda aka tsaya.

Na farko, a san abin da ake da shi. Ma'aikatan da ke fita allurar rigakafin dabbobi kowace shekara suna iya rubuta jinsin kowace dabba da suka yi wa allura a ƙananan hukumomi 27 na jihar. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya suna da malamai da ɗalibai na fannin kiwo waɗanda za su iya auna dabbobin su tsara bayanan. Gwamnatin da ba ta san yawan Bunaji tsantsa da ke hannun jama'arta ba, ba za ta san ranar da suka fara ƙarewa ba.

Na biyu, a mai da Birnin Kudu da Gumel ga aikinsu na asali, a tsare garke tsantsa a kowannensu, a riƙa fitar da bijimai masu takarda ana sayar wa makiyaya ko a ba su aro. Amma a sani cewa daga haihuwar bijimi zuwa ranar da za a auna nonon 'ya'yansa ana bukatar shekara shida ko bakwai, watau fiye da wa'adin gwamna guda. Saboda haka tilas Majalisar Dokokin Jiha ta kafa aikin da doka, da kasonsa na abinci da magani a cikin kasafin kowace shekara, domin garken da aka bari da yunwa rani guda ya rushe aikin shekara goma.

Na uku, a ɗauki dabarar Habasha a kai ta unguwanni da ƙauyuka. A zamanin Gwamna Muhammadu Badaru Abubakar, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023, an raba wa mata awaki bisa sharaɗin su biya da 'ya'yansu domin a bai wa wasu. Wasu sun yi wa shirin dariya, amma tunani ne mai tushe, domin ya yi kama da al'adar Fulani ta habbanaye, inda ake ba mutum aron karsana ya riƙe 'ya'yanta ya mai da uwar. Abin da zai cika irin wannan shiri shi ne a kula da bunsurun. A tabbatar na ƙwarai ne kuma an san jinsinsa, a riƙa musayarsa tsakanin unguwanni kowace shekara don kada ya barbari 'ya'yansa, a dandaƙe waɗanda ba a zaɓa ba, gama taure ma yana da kasuwarsa. Hakimai da dagatai da masu unguwanni na masarautun Dutse da Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Ringim su ne za su iya sa jama'a su karɓi wannan.

Na huɗu, haɗi da irin waje a yi shi inda ya dace, a hannun wanda yake da ruwa da ciyawa da inuwa da kasuwar madara a kusa, kamar gefen manyan garuruwa da wuraren noman rani na kwarin Haɗejiya. Duk saniyar da aka yi wa barbarar allura a sa mata lamba a rubuta irin da aka ɗura mata. Ma'aikacin da ke yawo da tulun maniyyi kuma ya kasance yana ɗauke da na zaɓaɓɓun Bunaji da Azawak, domin makiyayin da ke cikin daji ya sami abin da zai gyara garkensa ba tare da ya sauya jinsi ba. Haka nan a haɗa kai da Shika a daskarar da maniyyin bijiman gida a ajiye saboda ɓacin rana, ko da yake ajiyar da ta fi aminci ita ce dabba mai rai a hannun mai amfani da ita.

Na biyar, a sa kiwon irin gida ya zama mai riba, domin ba wanda zai riƙe dabba don tarihi kawai. A riƙa yin gasar nunin dabbobi kowace shekara a Dutse da sauran hedkwatocin masarautu, a ba da kyauta mai tsoka ga bijimi da rago da bunsurun da suka fi, bisa sharaɗin su yi shekara guda suna barbara kafin a sayar da su. Ran da bijimi mai takarda ya fi na yanka tsada a Maigatari, makiyayi ba zai bukaci wa'azi ba.

A cikin duk wannan kada a manta da masu abin. Bafulatanin da ke cikin ruga ya san saniyarsa da uwarta da kakarta, ya san gidan da ke da nono da gidan da ke jure rani, ya san bijimin da ya kamata a bari da wanda ya kamata a fitar. Wannan sani shi ne littafin da ya riƙe Bunaji da Rahaji shekaru aru-aru kafin a kafa ma'aikata. Shirin da aka tsara a ofis ba tare da an zauna da arɗo da matan da ke tatsa ba, a ofis zai ƙare.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Bijimin Holan ko na Barazil, duk ranar da aka sami kuɗi ana iya aikawa a kawo shi, domin masu shi sun tsare nasu. Amma ran da Bunaji tsantsa ko jar akuya ta ƙare a ƙasar nan, babu kasuwar da za a je a sayo ta, ko da an tara dukiyar jihar duka. Ya rage ga Gwamnatin Jihar Jigawa da Majalisar Dokokinta da sarakuna su keɓe damin iri tun yana hannu.